Yadda ake tsara wutar kwanturolan sanyi da ɗumi na gini, tun kafin a ja waya ko ɗaya

Kwanakin baya wani ƙanena a sana'a ya turo min hoton fanel a WhatsApp da daddare, kwanturola sabuwa fil ko sati biyu bata yi ba, wajen da wutar bolt 24 take shiga ya yi baƙi ƙirin har robar ta lanƙwashe, sai rubutu a ƙasa wai "Yaya anya kayan nan ba jabu bane?" Na ce masa bar maganar jabu tukunna, ɗauko min hoton taransfoma da duk wayar da ta fita daga bayanta. Yana turowa na ga abin, kaya shida ya ɗora wa taransfoma ɗaya kuma a cikinsu akwai wata 'yar na'ura da sam bai kamata ta sha wuta tare da sauran ba. Yaron nan fa ba rago bane, hannunsa na da tsafta, wayarin ɗin gida ya iya shi sosai, kawai dai ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wutar kwanturola lissafinta daban ne. Abin ya dame ni wallahi, domin kuɗin kwanturolar nan daga aljihunsa zai fita.

Kwanturola da nake magana ita ce 'yar kwamfutar nan da ke cikin fanel a manyan gine-gine, otal ne ko asibiti ko banki, tana karanta zafin ɗaki daga sansa, ta buɗe bawul ɗin ruwan sanyi da ke zuwa daga cila, wato injin da ke sanyaya ruwan, ta juya damfa, wato 'yar ƙofar da ke buɗe hanyar iska ta rufe, ta tada fanka ta kashe. Irin na Siemens, Honeywell, Johnson Controls, Schneider Electric da sauransu. Mu nan aikin sanyaya ne ya fi yawa, ɗumi kuma yawanci ruwan zafi ne na otal da asibiti, sai hitar da ake sakawa a cikin bututun iska a ɗakin tiyata ko ɗakin gwaje-gwaje don rage laima. Amma tsarin wutar duk ɗaya ne. Zan ɗauki misalin injin iska guda, wanda ake kira AHU, yana kan rufin bene, mu bi shi daga farko.

Da farko takarda da biro

Je wurin da ƙafarka, kar ka dogara da zanen da aka baka domin sau da yawa an matsar da injin daga inda aka zana shi. Ka rubuta duk abin da zai taɓa kwanturolar, kowanne layi ɗaya: sunansa, shiga yake ko fita, wane irin sigina ne (0 zuwa 10V, 4 zuwa 20mA, sansar zafi, ko buɗe-rufe kawai), wutar da yake ci, da nisansa daga fanel a mita. Nisan nan ka auna shi ta hanyar da waya zata bi, da hawa da sauka da kwana, ba miƙe ba. Sannan ka nemi takardar bayanin kowane kaya, in babu a kwali ka sauke ta a intanet da lambar da ke jikinsa. Ka bar wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na bakunan shiga da fita na kwanturola a sake, domin maigidan aiki ba ya rasa cewa a ƙara masa wani abu bayan an gama.

Daga ina wutar 230 zata zo

Fanel ɗin kwanturola bireka tasa yake so shi kaɗai, 6A ta isa yawanci, mai harafin C saboda taransfoma tana fizgar wuta da yawa a daƙiƙar da aka kunna ta. Kar ka ɗebo daga layin soket, wata rana wani zai jona injin walda ko ketil a layin nan bireka ta faɗi gini duka ya ɗau zafi ana ta neman dalili. Kar kuma ka ɗebo daga bayan kwantakta, wato babban makunnin da ke ba moto wuta, ta fankar da kwanturolar take tuƙawa, na sha ganin wannan, fanka na tsayawa kwanturola ta mutu, to wa zai sake tada ta?

Ka tabbatar layin yana ɓangaren da janareto ke riƙewa bayan canjoba. Kuma a nan ne wahalarmu take, kayan nan an ƙera su ne da tunanin wuta mai tsayawa cak, mu kuma a rana ɗaya ana iya ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa, kowane canji kuma da ɗan bugun da yake zuwa da shi. Don haka abu biyu bana sassauci a kansu. Na ɗaya abin kare tsawa da hauhawar wuta, SPD mai lamba 2, a bakin fanel, wayarsa ta zuwa at, wato layin da ke kai wuta cikin ƙasa, ta zama gajera ƙwarai, kar ta wuce rabin mita gaba ɗaya. Na biyu ƙaramin UPS, irin wanda yake sarrafa wutar kullum ya fitar da 230 tsayayya, domin shi zai riƙe kwanturola a 'yan daƙiƙun da janareto ke tashi, kuma shi zai gyara maka wuta idan ta yi ƙasa. Ka lura UPS ɗin ya zama mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi, masu arha ɗin nan da ke fitar da wuta mai kusurwa suna sa taransfoma ƙara da zafi.

Sai maganar kayan da aka shigo da su daga Amurka. Can wutarsu 60Hz ce, tamu 50Hz. Taransfomar da aka rubuta mata 60Hz kaɗai idan ka bata tamu zata yi aiki amma zata riƙa zafi fiye da kima, domin ƙarfen cikinta yana ɗaukar nauyin da ya fi wanda aka yi shi dominsa da kashi 20 cikin ɗari. Nemi wadda aka rubuta 50/60Hz, kuma ka duba bakin shigarta, da yawa suna da wayoyi na 120, 208 da 240, ka rufe waɗanda baka yi amfani da su ba kowacce ita kaɗai.

Launin waya ma kar ka yarda da shi ido rufe. Tsohon tsarin Ingila da muka gada ja ne layif, baƙi nutural. Sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore da rawaya at. A fes uku kuwa tsohon ja, rawaya, shuɗi ne, sabon ruwan ƙasa, baƙi, toka. Kaga kenan baƙin da yake nutural a da yanzu fes ne, shuɗin da yake fes ya koma nutural, kuma gini ɗaya zaka iya samun duka biyun. Kayan Amurka kuma baƙi ne layif, fari nutural. Maltimita ce zata raba gardama. Ɓangaren 230 da 415 kuma mai takardar shaida ya kamata ya yi shi, a Najeriya hukumar NEMSA ce ke bayarwa, akwai kuma ƙa'idojin NESIS na 2015 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta fitar, yana da kyau ka samu ka karanta.

Lissafin taransfoma

Yawancin kwanturolan nan 24V AC suke sha, wasu DC, wasu duka biyun. Abin da ake tarawa VA ne, wato bolt sau am, ba wat ba, domin a takardar moton damfa zaka ga an rubuta wat kaɗan sannan a ƙasa an rubuta VA na zaɓen waya da taransfoma wanda ya fi shi yawa. Wannan na ƙasan shi ne naka. Mu ɗauka ga abin da takardun kayanmu suka nuna, misali ne kawai, kai ka duba naka:

kwanturola 12, ƙarin modul 5, moton bawul ɗin ruwan sanyi 6, moton damfa biyu masu sifirin kowanne 10, sansar CO2 3, sansar laima 2, rile huɗu gaba ɗaya 5. Jimla 53VA.

Ba'a cika taransfoma maƙil. Ni ina tsayawa a kashi 80, wato 53 a raba da 0.8 ya bada 66 da ɗoriya, sai ka hau zuwa girman da ke kasuwa, 75VA. A wurin da fanel ke shan zafi ma na fi son in ƙara sarari. Amma kar ka ce bari in sa ƙatuwa mai 300VA in huta, domin idan siririyar waya ta yi shot a can nesa, ƙatuwar taransfoma zata ci gaba da tura mata wuta har ta narke kafin wani abu ya yanke. Shi yasa a dokar wayarin ta Amurka suka tsayar da irin wannan layi a 100VA, kuma masu ƙera kayan da yawa a kan haka suke rubuta takardunsu. In kayanka sun wuce haka ka raba su taransfoma biyu ko uku. Fiyus a bakin fita dole ne, 100VA a kan 24 wajen 4A kenan, 75VA wajen 3A, kuma gara kowane reshe da nasa ƙaramin fiyus, in moton damfa ɗaya ya sha ruwan sama ya yi shot kar ya tafi da kwanturola.

Ni abin da nake yi in kuɗi ya bari shi ne kwanturola da modul ɗinta taransfomarsu daban, motoci da rile tasu daban. Moto yana tashi yana tsayawa yana jan wuta, ba na son kwanturola ta riƙa jin wannan a jikinta.

Faɗuwar wuta a hanya, inda aka fi yin asara ba'a sani ba

A 230 idan bolt uku ya ɓace a waya ba wanda zai ji. A 24 bolt uku babban rashi ne. Lissafin ba wuya, jan ƙarfe yana da 0.0175, ka ninka da tsawon waya zuwa da dawowa, ka raba da kaurinta, ya baka om, ka ninka om ɗin da am, ya baka bolt ɗin da ya ɓace. Motocinmu uku 26VA ne, a raba da 24 kusan 1.1A. Mu ce suna nesa da fanel mita 60, zuwa da dawowa 120. Da waya 0.75 zaka samu om 2.8, wato bolt 3 ya tafi. Da 1.5 om 1.4, bolt ɗaya da rabi. Da 2.5 ƙasa da bolt ɗaya.

To yanzu ga inda namu ya bambanta. Taransfoma bata ƙirƙirar wuta, abin da aka bata take ragewa daidai gwargwado. In layi ya sauko 200, abin da zata fitar wajen 20.9 ne. In ya sauko 190, 19.8. Kayan da aka rubuta musu kashi 20 sama ko ƙasa ƙarshensu 19.2 ne, waɗanda aka rubuta musu kashi 10 kuwa 21.6 ne. Ɗauki 20.9 ka cire bolt ukun nan na waya 0.75, saura 17.9. Shi ne zaka ga damfa ta buɗe rabi ta tsaya tana gurnani, ko kwanturola tana kashe kanta tana tashi da yamma lokacin da kowa ya kunna esi, da safe injiniya ya zo ya auna ya ga komai daidai ya ce ai lafiya lau. Na taɓa yin sati ina zarya kan irin wannan a wani gini, sai da na zauna gaban fanel da maltimita daga la'asar har bayan magariba na ga wutar tana sulalewa da idona. Maganin shi ne waya mai kauri, ko a kai taransfoma kusa da motocin a ja musu 230 maimakon 24, ga kuma UPS ɗin can da na faɗa.

Kuma ka gwada wayar kafin ka biya. Akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ka kankare ta da wuƙa zaka ga fari a ciki, juriyarta ta fi ta gaske da wajen rabi. Nadin mita 100 na 1.5 na gaske in ka auna baki da baki wajen om 1.2 zai baka, in ka ga ya doshi 2 ajiye musu kayansu.

Abin da ya ƙona kwanturolar ƙanena

Wannan ka karanta shi sau biyu. Duk na'urar da ke shan 24V AC tana mayar da shi DC a cikinta, kuma hanya biyu ce. Akwai haf-wef, mai diyod ɗaya, ita ƙafa ɗaya ta taransfoma kai tsaye take zama kwaman ɗinta, wato ƙasan da duk sigina ke aunawa daga shi. Akwai ful-wef, mai gadar diyod huɗu, ita kwaman ɗinta ba ƙafar taransfoma bace, yana rataye ne tsakanin diyod. Idan ka basu taransfoma ɗaya, sannan ka haɗa kwaman ɗin siginarsu, wanda dole ka haɗa in dai ɗaya zata karanta 0 zuwa 10 na ɗayar, to a rabin kowane juyi na wuta diyod ɗaya tak ce ke tsaye tsakanin ƙafafun taransfoma biyu. Shot ne sosai, sau 50 a daƙiƙa. In kana da fiyus shi zai tafi, in babu diyod ko layin allon ne zai ƙone. Haka ma in an kai ƙafa ɗaya ta taransfoma at alhali kwaman ɗin na'urar ful-wef shi ma ya taɓa at ta wani wuri.

Yadda zaka gane: takarda tana faɗa, wani lokaci da kalmar haf-wef ko ful-wef, wani lokaci ta ce a ba na'urar taransfomarta ita kaɗai kuma kar a kai ta at. In takarda bata ce komai ba, cire wuta, sa maltimita a kan ƙara, taɓa bakin kwaman na wuta da bakin kwaman na sigina. In ta yi ƙara, om kusan sifili, haf-wef ce. In bata yi ba ka ɗauke ta a matsayin wadda ke buƙatar taransfomarta daban. Ƙaramar taransfoma mai 20VA kuɗinta bai kai komai ba a kan kuɗin kwanturola.

Ko duk haf-wef ne, AC ɗin nan yana da kai da gindi a wannan aiki. Mutum zai ce ai AC ne duk yadda ka juya daidai ne, a kan kwan fitila haka ne, a nan kuwa a'a. Ƙafar da ka kira kwaman ita ce kwaman a kan kowace na'ura har ƙarshe. Siemens suna rubuta G ga mai wuta, G0 ga kwaman. Motocin Belimo waya ta 1 baƙa ita ce kwaman, ta 2 ja ita ce 24, ta 3 fara ita ce siginar umarni, ta 5 ruwan lemo ita ce mai dawo da labarin inda moto ya tsaya. Wasu kuma COM suke rubutawa. Ka zaɓi launi biyu tun farko, ka riƙe su a duk ginin. In ka juya a na'ura ɗaya, ta hanyar kwaman ɗin sigina ko wayar sadarwa ka haɗa ƙafa biyu na taransfoma kenan. In taransfoma biyu ne a fanel, kwaman ɗinsu ana iya haɗawa in takarda ta yarda, amma ƙafafun masu wuta ba'a taɓa haɗa su.

Kai kwaman at kuma a wuri ɗaya ake yi, a gindin taransfoma, kuma sai in mai ƙera kwanturolar ya ce a yi. At ɗin kansa ka auna shi, kar ka ga sanda a ƙasa ka ce shikenan, musamman da rani da ƙasa ke bushewa ƙayau.

Abin da kwanturola ke kunnawa

Bakin fitar kwanturola ƙarami ne, irin na tirayak, wato makunnin lantarki da ke kan allon, yawanci rabin am ne a 24V AC kuma baya kashe DC. Kar ka ɗora masa koyil ɗin babbar kwantakta kai tsaye. Sa ƙaramin rile mai koyil 24 a tsakani, shi ya kunna kwantaktar, in wani abu ya faru rile ne zai mutu, ka zare ka sa wani cikin minti ɗaya. Koyil ɗin kwantakta ka sa masa abin shanye bugu, wanda ake kira RC ko baristo (varistor), domin duk sanda aka yanke masa wuta yana harbo bugu baya. Kowace fanka da famfo a sa mata makunni mai wuri uku, hannu, kashe, da kai-da-kai, ranar da kwanturola ta samu matsala mutanen gini su iya tada injin da hannu.

Abu biyu kuma ba'a barinsu a hannun manhaja. Ƙararrawar gobara, wayarta ta shiga layin koyil ɗin kwantaktar fanka kai tsaye yadda ko an sa makunni a hannu fankar zata tsaya, in ba haka ba injin iska shi zai raba hayaƙi ɗaki-ɗaki. Kwanturola a bata labari kawai ta wani bakin. Sai hitar cikin bututu, dole ta bi ta makunnin da ke tabbatar da iska na wucewa, da kuma tamostat na ƙarshen zafi wanda sai an danna da hannu yake dawowa. Hita tana ci babu iska gobara ce, wannan ran mutane ne.

Hanyar wayoyi

Wayar sigina da ta sadarwa kar su kwana a faif ɗaya ko tarankin ɗaya da 230 da 415. Inda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ka bar wajen santimita 30 tsakani, inda dole su haɗu su gitta juna kamar alamar tarawa. Wayar da ta fito daga VFD, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, zuwa moto ita ta fi kowacce hayaniya, a yi mata mai shil, a nisanta ta da kowa. Sigina a ja shi da waya murɗaɗɗiya mai shil, wato mai 'yar rigar alminiyom ɗin nan a ciki, a kai rigar at a ɓangaren fanel kaɗai, ɗaya bakin a yanke a naɗe da tef. Kuma kar ka ari kwaman ɗin da moto ke jan wuta ta cikinsa ka auna sansa da shi, faɗuwar da ke kan wayar zata shiga cikin karatun, ja wa sansa nata kwaman daga fanel.

Nisa yana ɓata karatun wasu sansa. Sansar zafi irin ta Pt100 kowane digiri ɗaya om 0.385 ne kacal, to waya 0.75 mai nisan mita 50 tana ƙara om 2.3, kusan digiri 6 na ƙarya kenan in waya biyu ka ja, sai dai a yi mata haɗin waya uku ko huɗu. Pt1000 a wannan nisan kuskuren bai fi 0.6 ba. NTC mai 10k bata damu da nisa ba, amma ita kuma iri-iri ce, ka tabbatar irin da ka saya shi ka zaɓa a cikin manhaja. Wuri mai nisa sosai ko mai hayaniya 4 zuwa 20mA ya fi 0 zuwa 10 juriya.

Wayar sadarwa

In kwanturola sun fi ɗaya zasu yi magana da juna, galibi da yaren BACnet MS/TP, wanda ƙungiyar ASHRAE ta fitar a 1995, ko Modbus RTU da ya samo asali daga kamfanin Modicon a 1979. Duka biyun a kan tsarin wayar da ake kira RS-485 suke hawa, kuma dokarsa ɗaya: waya ta shiga na'ura ta fita zuwa ta gaba kamar carbi, babu reshe, babu tauraro. Tsawon layi ɗaya kar ya wuce mita 1200, na'ura 32 masu cikakken nauyi sai dai in takarda ta ce nasu masu sauƙin nauyi ne. Resista mai om 120 a farko da ƙarshe kawai, wasu na'urorin suna da shi a ciki da ɗan makunni, ka duba kar a kunna na tsakiya. Da wuta a kashe in ka auna tsakanin wayoyin biyu ka ga wajen om 60, biyu ne daidai, 120 ɗaya ne, 40 an sa uku. Harafin A da B kar ka amince da su tsakanin kamfani da kamfani domin wasu sun juya, bi alamar + da −. Rigar shil a haɗa ta ta zarce daga na'ura zuwa na'ura ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, a kai ta at wuri ɗaya. In layin zai fita daga gini zuwa wani ginin, gara a sa na'urar da ke barin sigina ya wuce ba tare da wutar gine-ginen biyu ta haɗu ba, ko a ja faiba, damina ɗaya ta isa ta nuna maka dalili. Adireshi kuma kowa da nasa, 0 zuwa 127 a MS/TP, 1 zuwa 247 a Modbus, gudun magana ɗaya ga kowa, ka rubuta su a takarda kafin ka hau tsani.

Fanel ɗin kansa

Yawancin kwanturola iyakarsu digiri 50. A Kano ko Sakkwato ko Yamai watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, to akwatin ƙarfe a kan rufi rana na dukansa fa? In da hali fanel ya zauna a ɗakin inji, in dole sai waje a yi masa rumfa, a bar tazara tsakaninsa da bango. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna son akwati mai lambar kariya IP54 ko sama, wayoyi su shigo ta ƙasa da gilan, wato zoben da ke matse waya a bakin rami, duk ramin da ya rage a toshe saboda ƙadangare da ɓera. A ciki taransfoma a sama tunda zafi sama yake tafiya, kwanturola ƙasa da ita da tazara, ɓangaren 230 gefe guda da murfinsa, 24 ɗaya gefen. Kowace waya mai silli-silli a matse mata ferul, wato 'yar hular ƙarfe a baki, a sa mata lamba baki biyu irin lambar da ke zane. Kar a ɗaure fanel a jikin injin da ke girgiza, sukurori kwancewa suke.

Ranar kunnawa

Kar ka kunna komai lokaci ɗaya. Zare filogin wuta na duk kwanturola da modul tukunna. In zaka yi mega, wato gwajin ko rigar waya na yoyon wuta, yanzu ne, 500V ga layin 230 kana neman megom 1 ko fiye, 250V ga layin 24, kuma SPD da duk wani abu mai lantarki a cire, mega tana kashe su nan take. Sai ka tada bireka ka auna shiga, ka auna fitar taransfoma, ba kaya zaka iya ganin 26 ko 27, wannan ba matsala. A kowane filogi ka tabbatar mai wuta da kwaman suna inda ya kamata, ka kuma auna kowace wayar sigina da kwaman ka ga babu 24 ko 230 da ya ɓato ciki. Sannan ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana sa fiyus reshe-reshe. In duk sun hau, umarci motoci duka su motsa tare, je can wajen na ƙarshe ka auna a bakinsa yana cikin tafiya, wannan lambar ita ce ta gaskiya, ka rubuta ta.

Gwajin ƙarshe da mutane ke tsallakewa shi ne na ɗauke wuta. Nemi mai kula da janareto, a yanke layi da gangan kana tsaye. Kwanturola ta ci gaba da aiki a kan UPS? Agogonta bai koma baya ba? Injuna kuma kar su tashi gaba ɗaya su danne janareto, a jera su da tazarar daƙiƙu, kwamfureso a bashi mintinsa uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, rile mai lura da fes ya hana moto tashi in fes ɗaya ya ɓace ko an juya su. A sake gwadawa lokacin komawa layi. A danna ƙararrawar gobara a ga fanka ta tsaya ko makunni na kan hannu. In duk sun wuce, gyara zanen ya dace da abin da ka haɗa a zahiri, da lissafin VA da adireshin kowace na'ura, sa a leda ka maƙale a bayan ƙofar fanel tare da fiyus biyu-uku na ajiya, ka kuma ɗauki hotonsa a wayarka.